Tayar gudu a kan rim ɗin kamfani

Jama'a, mai Toyota 86 ba sai ya sauya rim ba kafin ya samu tayar da ke riƙe kwalta. Rim ɗin kamfani inci 17 ne, faɗinsa inci 7, tayarsa 215/45R17. Michelin Pilot Sport 4 tana zuwa a wannan lambar. Lambar farko, 215, faɗin tayar ne a milimita. 225 ma za ta zauna, amma 245 ta yi wa rim ɗin yawa: gefenta zai kumbura, motar ta riƙa lilo a kwana, ga kuɗi sun tafi a banza.

Ku duba harafin ƙarshe da ke bayan lambar girma a jikin tayar, wanda ke nuna iyakar gudunta: W na nufin kilomita 270 a awa, Y kuwa 300. Sannan lambobi huɗu na ƙarshen lambar da ta fara da DOT a jikin tayar, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2423 mako na 24 ne na 2023. Ƴan gwanjo ba sa son a duba wannan.