Yadda ɗan koyon gyaran waya zai yi tambaya a zauren ƙwararru ya samu amsa

Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na masu gyaran wayar salula a Damagaram ya san irin saƙon nan da yake shigowa da tsakar rana: "Salamu alaikum ƴan uwa, waya ta ƙi kawo wuta, ku taimaka." Sai a yi tsit. Can wani ya ce, "Wace waya?" Wani kuma, wanda zafin rana da hayaniyar Kasuwar Dole suka riga suka ishe shi, ya ce, "Koma wajen maigidanka ka koyi aiki tukuna." Ɗan koyo ya tashi da cewa manya suna da rowar sani, su kuma manya su ce yaran yanzu so suke a tauna a ba su a baki. A ganina yawancin wannan saɓani daga wuri ɗaya yake tasowa. A shago maigida yana ɗaukar wayar ya jujjuya ta, ya shinshina ko akwai ƙauri, ya ɗora mata mitar auna wuta. A zaure kuwa ba ya ganin komai sai abin da ka aiko masa.

Kafin ka rubuta komai, ka bincika tsofaffin saƙonnin zauren da sunan wayar, domin sau da yawa an riga an amsa tambayarka a watan jiya. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1024, kuma wanda ya amsa abu guda sau goma dole ya gaji a na sha ɗaya.

Idan ba ka samu ba, to ka fara da cikakken sunan wayar. Cewa "Tecno ce" bai wadatar ba, tun da Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, wato Transsion, kuma kowacce tana da samfura birjik waɗanda allonsu da batirinsu ba sa shiga juna. Lambar samfurin tana cikin saitin wayar, a wurin bayanin waya, in kuwa ta mutu sai ka duba kwalinta ko rubutun da yake bayanta. Sai dai idan za ka ɗauki hoto, ka rufe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, wadda take fitowa idan an danna *#06#, domin amanar mai waya ce, ba abin bazawa a taro ba.

Daga nan ka faɗi tarihin matsalar da abin da ka riga ka gwada, kuma nan ne ake bambanta mai neman ilimi da mai neman a yi masa aikinsa. Ruwa ta faɗa ko ƙasa? An bar ta a caji ne wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi? Ta taɓa zuwa hannun wani mai gyara? Batirin waya yakan zauna a kusan bolt 3.7 ko 3.8, ya kai 4.2 zuwa 4.4 idan ya cika, in kuwa ya faɗi ƙasa da 3 to ya zube sosai. Caja ta yau da kullum kuma bolt 5 take bayarwa. Dubi yadda tambayar farko za ta koma: "Salamu alaikum iyayen gidana. Waya samfuri kaza ta mutu jiya bayan ta kwana a caji. Na auna batir na samu 2.9, na canza caja da igiya, bolt 5 yana isa bakin caji, amma gefen allon ciki yana ɗaukar zafi. Ina zan auna gaba?" Da wuya gwani ya ga wannan ya wuce, domin an rage masa rabin aiki.

Game da saƙon murya, ba laifi ba ne, da yawa daga cikinmu magana ta fi mana rubutu sauƙi. Amma murya ta minti huɗu, wadda rabinta gaisuwa ce da tambayar iyali, tana cinye megan mutane, kuma ba a iya nemo ta da bincike daga baya. Ka yi sallama, ka zarce da bayani a saƙo guda, sannan ka rubuta sunan wayar da alƙaluman da ka auna a ƙasa.

Ka kuma faɗi ainihin abin da kake son cim ma. Wani zai tambayi yadda ake yi wa waya filashin, wato goge manhajarta a sake loda mata, alhali damuwarta nauyi ne kawai saboda ma'ajiyarta ta cika, a ƙarshe ya goge wa mai ita hotunan aure a banza. Haka nan batun cire makullin asusun Google, wanda ya zo da Android 5.1 a shekarar 2015 don a hana ɓarawo morar wayar da ya sata: idan ka tambaye shi babu bayani, kada ka yi mamaki in an yi maka kallon zargi. Ka ce mai wayar yana nan da kwalinsa da takardar saye.

In an ba ka amsa mai kaushi, ka tsinci abin amfani a ciki, ka bar sauran. Wannan hali ba namu ne kaɗai ba. Dandalin Stack Overflow na masu rubuta manhaja, wanda aka kafa a 2008, da bakinsa ya amsa a 2018 cewa sababbin shiga ba sa jin ana maraba da su. Su ma manya ya kamata su tuna lokacin da suke share shago da riƙe wa maigida fitila. Idan babu lokacin bayani, cewa "turo samfuri da awon batir" ya fi gori. Kai kuma kada ka bi gwani ta bayan fage da kira sai da izninsa, yana da nasa masu jira a bakin tebur.

Bayan wayar ta tashi, ka dawo zauren ka faɗi abin da ya yi magani: "Malam, Allah ya saka da alheri, ashe ƙaramin kafasito (ɗan abin da ke tara wuta a allon ciki) ne ya haɗe kusa da bakin caji, na cire shi ta kawo." Ka sa sunan samfurin a cikin wannan saƙon, domin wanda zai zo nema bayanka ya same shi.