Yadda Ake Haɗe Gonakin da Rabon Gado Ya Tsittsinka

Gandun da uba ya noma shi kaɗai, idan ya bar 'ya'ya takwas da mata biyu, sai ka tarar ya koma 'yan fegi-fegi. Shari'a ta fayyace rabon kowa: mata su raba tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki ninkin mace. Amma ba ta wajabta a yanka ƙasar ba. Ana iya barin gona dunƙule a raba amfaninta, ko wani magaji ya sayi rabon wani.

A fara da lissafin asarar. Hekta guda mita 100 ce sau 100. Idan aka bar rabin mita a kowane gefe saboda iyaka, kashi 2 cikin ɗari ne ya tafi. Kwatan hekta mai mita 50 sau 50 tana rasa kashi 4. Amma kwatan da aka yanka doguwa siririya, mita 10 sau 250, yadda masu rabo suka fi so don kowa ya taɓa bakin hanya ko bakin ruwa, tana rasa fiye da kashi 10. Ga garmar shanu na ta juyawa, mai tarakta kuma ba ya shigowa don kwatan hekta. A fadamun Argungu da Suru abin ya fi ciwo: mai fegi uku a wurare uku ko ya haƙa rijiya uku, ko ya riƙa ɗora injin ban ruwa a kan babur, mai na ƙonewa a hanya kafin ya ƙone a gona.

Maganin shi ne masu gona su yi musayar fegi, kowa ya haɗa nasa kusa da juna. Mataki na farko awo ne. A samu igiya mai mita 50, ko wayar da ke auna fili idan an zagaya iyaka da ita, a auna kowace gona a gaban maƙwabtan iyaka. Awon ido da “ai ta kai eka” shi ke jawo a sa taki ba daidai ba. Shinkafa irin Faro 44 ana yawan ba ta buhu 4 na NPK da buhu 2 na yuriya a hekta, wato kwatan hekta buhu 1 ne na NPK da rabin buhu na yuriya. Wanda bai san girman gonarsa ba, ko ya ƙona shuka ko ya bar ta da yunwa.

Bayan awo sai kimantawa, kuma a nan musaya ke lalacewa. Girma ɗaya ba daraja ɗaya ba ne. A duba laka ce ko jigawa, ko ruwa na kwanciya, nisanta da gari, ko wuta-wuta ta kama ta, da shekarun da aka yi ana zuba mata takin gida. Dattawa uku da ba su da rabo a ciki su sa wa kowace kuɗi, wanda ya samu mai ƙarancin daraja ya karɓi ciko. Itatuwa a faɗe su da suna: ɗorawa, kaɗanya, mangwaro. Sau da yawa gonar ta wani ce, ɗorawar cikinta ta gwaggonsa ce, kuma ranar da kalwa ta nuna ake tunawa. A bincika kuma ko gonar na hannun jingina ko aro, don ba a musayar abin da ba a fansa ba.

Lokacin musaya bayan girbi ne, kafin a fara kai taki. A rubuta yarjejeniya da girman kowace gona da maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa, shaidu su sa hannu, mai unguwa da dagaci su sani. Magada mata, ko suna aure a Jega ko Gusau, a ji yardarsu daga bakinsu. Rabon maraya kuwa sai ta hannun alƙali. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe fili a karkara, gara a kai can a ƙarasa.

Idan musaya ta gagara, a haɗa aikin a bar mallakar. Maƙwabta huɗu masu kwata-kwata su rushe kunyar iyaka, su kafa turaku ko duwatsu a kusurwa, su yi huɗa rana ɗaya, iri ɗaya, dashe cikin mako ɗaya, rijiya ɗaya da inji ɗaya. Dashe tare yana da wani amfani: gonar da ta riga saura nuna ita tsuntsayen jan baki ke sauka a kai. Kuɗin mai da na taki a tara su kafin aiki gwargwadon awon kowa, a rubuta a littafi, a raba buhuna a masussuka da wannan awon. Haɗin da aka ce “a kashe, in an girbe a biya” shi ne wanda ba ya kaiwa baɗi.

Kada a haɗe duka wuri guda. Wanda ke noma kusa da Gulbin Rima ya san shekarar ambaliya, don haka ya riƙe fegi ɗaya a tudu na gero da wake, ɗaya a fadama. Biyu masu kyau sun isa. Na uku da na huɗu, musamman masu nisan da zuwa gare su ke cin safiya ko hanyarsu ba ta da tsaro, su ne za a fara musanyawa ko a ba wanda ke kusa da su haya.