Shawara kan yadda ake kiran surukai da kakanni

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. Idan za ku haɗa aure da dangi na gida, ku koya wa yaranku yadda za su kira manya tun kafin ɗaurin aure. Yaranmu na nan sun saba da "Ammi" da "Khalti" ga surukai, "Sidi" da "Sitti" ga kakanni, amma dattijuwar da ta zo daga Katsina ta fi jin daɗin "Inna" ko "Hajiya", kuma a wurinta rashin kunya ne matar ɗanta ta ambaci sunanta na yanka. Idan kuma jariri ya ci sunan kakansa, a sa masa sunan alkunya irin Abba tun ranar suna, domin uwarsa ba za ta iya furta sunan surukinta ba.