Tsutsar hanji da ƙarancin jini ga mai juna biyu: inda ake yawan kuskure

A ƙauyukan Jazira da gefen Sinnar a ƙasar Sudan, irin su Mai Wurno, mai ciki kan shiga gona ta taka laka ba takalmi, ba wanda zai ce mata kanzil. Ta nan kuwa tsutsa mai ƙugiya ke samun ƙofa. Ƙwanta na fita cikin bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai ɗumi da laima, 'ya'yan su huda fatar ƙafa, su bi jini zuwa huhu, su ƙare a ƙaramin hanji suna tsotsar jini.

Babban kuskure shi ne jiran a ga tsutsa da ido. Ba za a gan ta ba. Tsawonta kusan santimita 1 ne, kuma manne take da hanji. Ƙwai kaɗai ke fitowa, shi ma sai da madubin likita. Jiri, kasala, haki, ɗashewar tafin hannu da cikin ido, duk sai a ce laulayi ne. A je awo, a gwada jini da bayan gida. Awon jinin mai ciki in ya gaza 11, akwai ƙaranci. In ya gaza 7, abin ya tsananta. A duba maleriya ma, ita ma tana cin jini.

Wasu kuma ƙwayar ƙarin jini kawai suke sha, su bar tsutsar tana aikinta: zuba ruwa a tulu mai huji. Tsoron kada maganin tsutsa ya taɓa ɗan tayi yana da dalili a wata ukun farko. Bayan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da albendazole miligiram 400 ko mebendazole miligiram 500, sha ɗaya. Ma'aikaciyar awo ce za ta bayar, ba maƙwabciya ba.

Sai shayi. A Sudan wa zai raba mu da shayi da jabana, wato gahawa? Amma kora ƙwayar ƙarin jini da su, ko shan su da gama cin abinci, yana rage sinadarin ƙarfen da jiki zai ɗauka. A ba da tazarar awa 1 ko 2. A matsa lemon tsami a kan ful da adas (nau'o'in wake ne), a ci nama in da hali. Bayan gida ya yi baƙi don ƙwayar? Ba illa ba ce, kada a daina sha.

Magani ba ya hana sake kamuwa. Takalmi rufaffe a gona, masai maimakon bakin magudanar ruwa, a kuma bar cin farar ƙasa.