Kafin ku saya wa tsohuwa tankin jelifish

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata baiwar Allah ta tambaya ko ya dace ta ajiye wa kakarta jelifish a ɗaki don ɗebe kewa. Mu nan unguwar Gwarinpa a Abuja mun gwada wa Hajiya Babba, ga abin da na gani.

Kallonsu dai akwai sanyaya rai. Halittar teku ce kamar 'yar laima, ba ƙashi ba ƙwaƙwalwa, tana buɗewa tana rufewa a hankali. Bayan la'asar Hajiya takan zauna da carbinta ta zuba musu ido, wani lokaci ta ce, "Ikon Allah, wai wannan ma rai gare shi?"

Amma fa akwai aiki. Tankin sai zagayayye, domin kusurwa tana yaga jikinsu, kumfar iska ma tana yi musu illa. Ruwan gishiri suke rayuwa a ciki, kuma gishirin tanki na musamman ake haɗawa, ba na miya ba. Abincinsu 'yan mitsi-mitsin jatan lande ne da ake ƙyanƙyashewa, kullum sai an ba su.

Babban ciwon kai shi ne wuta. Da famfon da ke juya ruwan ya tsaya, sai su zube ƙasan tanki. In babu inbata ko sola, a haƙura kawai. Zafin Abuja na Maris da Afrilu kuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Mutanen Jos sun fi mu sauƙi a nan.

Galibi ba sa wuce shekara guda, gara a gaya wa tsohuwa tun da wuri. In wahalar ta yi yawa, ƙananan kifin ruwan daɗi irin gupi ma sun isa. A ajiye tankin daidai idonta in tana zaune, nesa da taga.