Ka jawo kod daga GitHub ya ƙi haɗuwa? Ga inda za ka fara dubawa

Yawancin masu fara taɓa manhajojin nan da kod ɗinsu yake a buɗe, wurin haɗawa, wato mayar da kod ɗin manhajar da kwamfuta za ta iya kunnawa, suke karaya. Ka buga make, kwamand ɗin da ke haɗa kod, rubutu ya cika taminal, sai ka ce shi ke nan kwamfutata ce ba ta da kyau. Wallahi galibi ba ita ba ce, abu ɗaya ne babu a kanta kuma saƙon ya faɗa maka sunansa, kai ne dai ba ka duba inda ya kamata ba.

Layin can na ƙarshe mai cewa Error 1 ko Error 2 ba zai taimake ka ba, sanarwa ce kawai cewa aiki ya tsaya. Ka hau sama ka nemo kuskure na farko, shi ne ya haifi sauran.

In a kan Ubuntu ko Debian kake, kafin komai ka buga sudo apt update sannan sudo apt install build-essential, shi zai kawo maka gcc da g++ da make a tare. To daga nan ne ainihin abin yake. Za ka ga layi irin wannan: fatal error: openssl/ssl.h: No such file or directory, ka ce ai ina da OpenSSL, eh kana da shi amma na amfani ne, shi kuwa haɗa kod fayilolin da ke ƙarewa da .h yake nema kuma suna cikin wani fakej daban mai -dev a ƙarshen suna. Na wannan libssl-dev ne, in zlib.h ya nema zlib1g-dev. In ba ka san sunan ba ka saka apt-file, ka buga sudo apt-file update, sai apt-file search da sunan fayil ɗin, zai nuna maka fakej ɗin da yake ciki. Don Allah ka riƙe wannan, ya fi ka yi ta kwafo kwamand daga intanet kana liƙawa ba ka san me suke yi ba.

Masu Python kuma, tun daga Ubuntu 23.04 da Debian 12 pip, abin da ake saka fakej ɗin Python da shi, yana ƙin saka abu kai tsaye, ya ce externally-managed-environment. Kar ka tilasta shi, za ka iya lalata Python ɗin da tsarin kansa ke dogara da shi. Ka saka python3-venv, ka buga python3 -m venv .venv, sai source .venv/bin/activate, wannan zai ware wa aikinka wurinsa daban da na tsarin, sannan ka yi pip ɗinka a ciki.

Permission denied a kan ./configure, chmod +x ne maganinsa. In ka ga bad interpreter da ^M, fayil ɗin ta Windows ya biyo, dos2unix zai gyara. In wata folda ta zo babu komai a ciki, git submodule update --init --recursive.

Wani abin da ke ba ni tausayi shi ne mai laftof mai RAM 4GB ya ga an rubuta make -j8, wato a haɗa abu takwas a lokaci ɗaya, ya bi, can sai ya ga Killed, ya ɗauka kod ɗin ne ya lalace alhali RAM ne ya ƙare. Ka koma make -j2 ko make kawai, zai daɗe amma zai gama. Kuma in data ce damuwarka git clone --depth 1 zai bar maka tsohon tarihin aikin a can, ba sai ka sauke shi duka ba. 

In duk ka gwada abin ya ƙi, ka tambayi masu aikin, amma ka fara karanta README da CONTRIBUTING, fayilolin bayani da ke zuwa da kod ɗin. Ka faɗa musu wane Linux ne da sigarsa, da kwamand ɗin da ka buga, ka kwafo saƙon gaba ɗaya a rubuce, ba hoton allo da ka ɗauka da waya ba.