Kurakuran da aka fi yi wajen kwatanta masu tsaron bayan fili a besbol, daga Tris Speaker zuwa Andruw Jones

A wasan besbol mutum tara ne ke tsaron fili, uku daga cikinsu suna can baya wajen katanga: ɗan hagu, ɗan tsakiya da ɗan dama. Aikinsu su cafke ƙwallon da mai bugu ya ɗaga sama kafin ta taɓa ƙasa. Idan ta riga ta faɗi, su tare ta su mayar da ita ciki kafin mai gudu ya ƙara zango, wato ya kai ɗaya daga wuraren tsayawa huɗu da ake zagayawa don cin maki. Gardamar wane ne gwanin gwanaye a wannan aiki ta daɗe a Amurka, kuma sunayen da ake jerowa ba su cika canzawa ba: Tris Speaker, Willie Mays, Roberto Clemente, Paul Blair, Ken Griffey Jr. da Andruw Jones. Sai dai Speaker ya fara wasa a 1907, Jones kuwa ya yi wasansa na ƙarshe a babbar gasar Amurka a 2012. Duk wani adadi da aka rubuta a gaban sunan ɗayansu, ƙwarewarsa ce haɗe da irin damar da zamaninsa da filinsa da abokan wasansa suka ba shi. Yawancin kurakuran da ake yi daga rashin raba waɗannan biyun suke tasowa.

Auna mutum da ƙarancin ɓari

Wannan shi ne mafi tsufa. A kowane wasa akwai magatakarda da ke rubuta ɓari a kan ɗan wasa idan ƙwallon da ya kamata ya riƙe ta kuɓuce masa, ko ya yi jifa ta bauɗe. Daga nan ake fitar da kason tsaro: a haɗa cafka da jifan fitarwa (jifan da ya sa aka fitar da mai gudu), a raba da jimillar cafka da jifan fitarwa da ɓari. Illar wannan lissafi ita ce ba a rubuta wa mutum ɓari a kan ƙwallon da bai kai gare ta ba. Mai nauyin ƙafa da ya tsaya yana kallo ƙwallo ta faɗi taku goma daga inda yake, takardarsa fes. Mai zafin nama da ya sheƙa a guje ya kai hannu ta zame masa, shi ne zai iya kwasar laifi.

Ga kuma batun safar hannu. Ta zamanin Speaker ƙarama ce, kusan girman tafin hannu. Sai a 1920 kamfanin Rawlings ya fito da samfurin Bill Doak mai raga tsakanin babban yatsa da manuni, sannan a 1957 Wilson ya kawo A2000 mai zurfin aljihu, wadda ta sa cafka da hannu ɗaya ta zama ruwan dare. Ɓarin ɗan wasan 1912 dole ya fi na ɗan 1999 yawa. Gyaran shi ne a gwada ɓarin mutum da na masu tsaron gurbinsa a shekarar, kuma ko an yi hakan kada a ba shi nauyi sosai, domin bambancin ɓari tsakanin gwani da matsakaici bai wuce ƙwallaye kaɗan a kaka ba.

Ƙirga yawan cafka kai tsaye

Nan ne ya fi dacewa a daɗe, domin masu ganin sun waye da kuskuren farko a nan suke faɗawa. Sukan ce to a ƙirga ƙwallo nawa mutum ya cafke. Mays ne ke riƙe da tarihin duka rayuwar wasa da cafka 7,095. Na kaka guda kuwa yana hannun Taylor Douthit na St. Louis Cardinals, 547 a 1928. Richie Ashburn na Philadelphia Phillies ya haura 500 har sau huɗu, mafi yawa 538 a 1951, abin da Mays bai taɓa yi ko sau ɗaya ba. Shin Ashburn ya fi Mays ke nan?

Kafin a amsa sai a duba abubuwa uku. Na farko, su wa ke jifa a gabansa. Babban mai jifan Phillies a wancan lokaci Robin Roberts ne, wanda salon jifansa ke sa masu bugu su riƙa ɗaga ƙwallo sama, kuma yakan daɗe a fili fiye da kowa. Ashburn gwani ne na gaske, amma tuwo ake tura masa kullum. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan: golan da ya fi kowa ture ƙwallo sau da yawa bayan 'yan baya marasa ƙarfi yake tsaye.

Na biyu, yawan waɗanda mai jifa ke fitarwa da kansa ba tare da an buga ƙwallon cikin fili ba. Kowace ƙungiya fitarwa 27 take nema a wasa. A shekarun 1950 mai jifa kan gama da mutum 4 zuwa 5 daga ciki, saura kusan 22 ga masu tsaro su raba. A yau yakan gama da fiye da 8, saura 18 ko 19. A 2018 ma, karo na farko a tarihin gasar, waɗanda aka fitar ta wannan hanya sun fi yawan bugun da ya yi nasara. Ɗan tsakiyar yau, komai gudunsa, rabon da ake ɗiba a ciki ya ragu.

Na uku, tsawon kaka. Wasa 154 ake yi har zuwa 1960. Babbar gasar ta kasu biyu ne: gasar American ta koma 162 a 1961, ta National ta bi ta a 1962.

Yadda ake gyarawa: a fara da ma'aunin da masanin alƙaluman besbol Bill James ya yayata, wato a haɗa cafka da jifan fitarwa, a ninka da 9, a raba da yawan zagayen da mutum ya tsaya a fili (wasa ɗaya zagaye tara ne). Misali, mai cafka 400 da jifan fitarwa 10 a zagaye 1,350 zai tashi da 2.73 a kowane wasa. Wannan ya kawar da matsalar tsawon kaka kawai. Daga nan sai a cire waɗanda masu jifan ƙungiyarsa suka fitar da kansu daga jimillar fitarwar ƙungiyar, a ga kaso nawa na abin da ya rage ya kama. Sannan a duba ko masu jifan nan masu sa ƙwallo ta tashi ne ko masu sa ta bi ƙasa, da kuma ko bahagwai sun yi yawa a cikinsu, domin hakan na karkatar da bugu zuwa ɓangare guda. Daga ƙarshe a gwada sakamakon da matsakaicin 'yan tsakiya na gasarsa a wannan shekarar. Tazarar da ya ba tsaransa ita ce ake ɗauka a kai wani zamani. Da wannan ido cafka 493 da Jones ya yi wa Atlanta Braves a 1999 ta fi yadda take a takarda nauyi, domin a bayan gwanayen masu jifa Greg Maddux da Tom Glavine da John Smoltz ya yi ta.

Ɗaukar jifan fitarwa a matsayin ƙarfin hannu

Speaker yana da 449, ba wanda ya kai shi, kuma sau biyu yana yin 35 a kaka guda, a 1909 da 1912. Clemente, wanda kowa ya amince hannunsa abin tsoro ne, ya tsaya a 266, kakarsa mafi yawa 27 a 1961. A yau wanda ya kai 15 yana cikin na gaba-gaba.

Dalili shi ne kafin 1920 ƙwallo ba ta tafiya da nisa. Akan yi ta amfani da ƙwallo ɗaya har ta yi laushi ta yi baƙi, shi ya sa Speaker ke tsayawa dab da bayan zango na biyu, har yakan ruga ya taka zangon da kansa ya fitar da mai gudu. Masu gudu kuma a lokacin kasada suke yi, tunda maki na da wuyar samu. Akwai kuma wani abu da ya shafi kowane zamani: idan hannun mutum ya yi suna, kocin zango na uku sai ya riƙa tsayar da masu gudu, jifan fitarwarsa ya ragu. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne sau nawa mai gudu ya samu damar ƙara zango a kan ƙwallon da ta je wajen ɗan wasan, sau nawa ya tafi, sau nawa ya fasa, sau nawa aka kama shi. Ƙungiyar Retrosheet ta tattara bayanan wasa daki-daki da ke ba da damar wannan lissafi har zuwa zamanin Mays da Clemente.

Mantawa da filin

Bayan filayen besbol ba shi da girma ɗaya. A Polo Grounds na New York tsakiyar fili ta kai ƙafa 483, kusan mita 147, alhali kusurwoyin hagu da dama ba su kai ƙafa 280 ba. A Fenway Park na Boston katangar hagu tana ƙafa 310 daga inda mai bugu ke tsayawa, tsayinta ƙafa 37. Ƙwallon da za a cafke cikin sauƙi a wani fili, a nan katanga take duka ta dawo, don haka cafkar ɗan hagun Boston kan yi ƙasa, gwanintar ɗan hagunsu Carl Yastrzemski kuma tana wajen sanin inda ƙwallon za ta dira bayan ta bugi katanga. A Coors Field na Denver, mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku, ƙwallo ta fi tafiya kuma bayan filin faffaɗa ne. Ciyawar roba da ta shigo ta Astrodome na Houston a 1966 ta sa ƙwallo gudu da tsalle, dole 'yan baya suka ƙara ja da baya. Maganin mai sauƙi ne: a raba alƙaluman mutum na gida da na waje, a kuma duba abin da baƙin 'yan wasa suka yi a gurbinsa a filin.

Katangar ma ta canza. Pete Reiser na Brooklyn Dodgers ya sha yin karo da katangar siminti har a ɗauke shi a sume, kuma sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara lulluɓe katangu da soso, aka kuma shata layin ƙasa a gabansu don mai gudu ya ji a ƙafarsa cewa ya kusa.

Jera kyaututtukan Gold Glove

Mays da Clemente suna da 12 kowannensu, Griffey da Jones da Al Kaline da Ichiro Suzuki 10-10. Kyautar, wadda ake ba gwanayen tsaro kowace shekara, ta fara ne a 1957, don haka Speaker da Joe DiMaggio ba su da ko ɗaya, Mays ma ya yi kakanni huɗu da ɗoriya kafin a ƙirƙiro ta. Daga 1961 zuwa 2010 mutum uku ake zaɓa a kowace gasa ba tare da duba gurbi ba, sai 'yan tsakiya suka riƙa kwashewa. Masu zaɓen kuma shekara da shekaru kociyoyi ne, kuma suna da iya bugu na tasiri a kansu: a 1999 Rafael Palmeiro ya ci ta a zango na farko bayan wasa 28 kacal a gurbin. Sai a 2013 aka sa alƙaluma suka ɗauki kusan kashi 25 cikin 100 na zaɓen. Kyautar shaida ce ta abin da mutanen zamani suka gani, a karɓe ta a haka.

Haɗa ɗan tsakiya da ɗan gefe a sikeli ɗaya

Ana gwada kowa da masu gurbinsa, kuma tsakiya ce matattarar masu gudu. Idan aka ƙirga makin da mai tsaro ya hana abokan hamayya ci, ɗan dama da ya fi tsaransa da maki 10 bai kai ɗan tsakiya da ya fi nasa tsaran da maki 10 ba. A lissafin shafin alƙaluman besbol na FanGraphs ana ƙara wa ɗan tsakiya maki 2.5 a cikakkiyar kaka, a cire wa ɗan gefe 7.5. Wanda zai sa Clemente da Mays gefe da gefe sai ya shigar da wannan tazarar ta maki 10, wadda ta yi daidai da kusan nasarar wasa guda.

Hukunci da cafka ɗaya

Ranar 29 ga Satumba 1954, wasan farko na World Series, wato karawar fitar da zakaran shekara, ana 2 da 2 a zagaye na takwas, Vic Wertz na Cleveland ya tura ƙwallo can tsakiyar Polo Grounds, Mays ya juya baya ya bi ta ya cafke ta bisa kafaɗa. Abin da akan manta shi ne yadda ya juya nan take ya jefo ta ciki, Larry Doby da ke zango na biyu bai wuce na uku ba. A yawancin filaye wannan ƙwallo waje za ta fita, ba a ma yi zancen cafka ba. Haka nan shirgi a ƙasa da ke burge 'yan kallo sau da yawa alamar tashi a makare ce, domin wanda ya karanci bugun da wuri a tsaye yake karɓar ƙwallon.

Na'urorin Statcast, da aka kafa a dukkan filaye 30 a 2015, suna auna wannan. Ana ba kowace ƙwallo kason yiwuwar cafka bisa nisan da za a gudu, lokacin da ta yi a sama, alkiblar gudun da kusancin katanga. Ka cafke mai yiwuwar kashi 25, a ba ka 0.75. Ka rasa mai kashi 90, a cire maka 0.90.

Cakuɗa ma'aunai

Na Statcast daga 2016 alƙalumansa suka fara. Wasu ma'aunan tsaro biyu, UZR daga 2002 da DRS daga 2003, a nasu mutane ne ke kallon bidiyo suna rubuta inda ƙwallo ta sauka. Na zamanin Mays kuwa Total Zone na Sean Smith ne, wanda ke kintace daga rubutaccen bayanin wasa, kuma irin wannan kintace kan matse tazara tsakanin gwani da matsakaici. Ɗaukar makin Jones daga wani ma'auni da na Mays daga wani, tamkar auna hatsi ne da mudun kasuwa biyu. A yi amfani da ma'auni ɗaya ga duka biyun, kuma kada a yanke hukunci da ƙasa da kaka uku. A zaɓi mafi kyawun kakanni biyar ko bakwai na kowa, tunda jimillar rayuwa na hukunta wanda ya daɗe yana wasa bayan ƙafa ta yi sanyi, da wanda aikin soja ya ɗauke, kamar Mays da ya rasa yawancin 1952 da duk 1953.

Ko an gwada mutum da tsaransa, sai an tambayi su wane ne tsaran. Speaker bai taɓa karawa da baƙar fata a gasar ba, domin sai ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya keta wannan shinge. Oscar Charleston da Cool Papa Bell a gasannin baƙar fata suka ƙare ƙuruciyarsu, gasannin da MLB, hukumar babbar gasar, ta amince da su a matsayin manyan gasanni a 2020, ta kuma shigar da alƙalumansu cikin kundinta a 2024. Matsakaicin ɗan tsakiyar da Jones ɗan tsibirin Curaçao ya zarce an tsamo shi ne daga Amurka da Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Japan, na zamanin Speaker kuwa daga fararen Amurka kusan kaɗai. Tazarar maki 15 a 1912 sai an rage mata wani abu kafin a ajiye ta kusa da tazarar maki 15 a 1999.